KYAUTAR KATUNAN 'YAN WASA GA YARA MARASA LAFIYA DA MATSAYINTA A DOKAR HARAJIN AMURKA

Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan wata al'ada ta mutanen Amurka, wadda a kallon farko za a ce ba ta kai matsayin da za a kawo ta zauren jami'a ba. A can ƙasar akwai ɗimbin mutane da suke tara ƙananan katuna masu ɗauke da hotunan 'yan wasa, tun suna yara har su manyanta. Idan shekaru suka ja, ko gida ya yi ƙunci, ko kuwa mai katunan ya rasu magada suka rasa yadda za su yi da akwatunan da ya bari, sau da yawa akan yanke shawarar a kai su asibitin yara, a raba wa marasa lafiya don su ɗebe kewa. Daga nan sai tambaya ta taso, wato shin gwamnati za ta rage wa mai kyautar haraji saboda wannan alheri, in kuwa za ta rage, nawa za ta rage? Amsar wannan tambaya ta ratsa ta cikin dokokin da aka yi shekara fiye da 100 ana yi musu kwaskwarima, kuma tana nuna wa ɗalibi da ma'aikacin gwamnati yadda hukuma take auna alherin mutum da zarar baitulmali ya sami hannu a cikinsa.

Asalin katunan da darajarsu

Kamfanonin taba ne suka yaɗa waɗannan katuna a shekarun 1880. Sukan saka ɗan kati mai kauri a cikin kwalin sigari don kada kwalin ya lanƙwashe, sai suka ga dacewar su buga hoto a jikinsa, musamman hotunan 'yan wasan besbol, wato wasan nan na buga ƙwallo da kulki wanda Amurkawa suke ji da shi. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da jerin katunan da a yau ake kira T206, kuma a cikinsu ne aka sami katin Honus Wagner, ɗan wasan birnin Pittsburgh. An dakatar da buga nasa katin tun da wuri. Wasu suna cewa bai so yara su sayi taba don neman hotonsa ba ne, wasu kuma suna cewa a kan kuɗi aka saɓa. Ko ma dai mene ne dalilin, waɗanda aka san suna nan a yau ba su wuce 'yan gomiya ba, har aka sayar da ɗaya a kan dala miliyan 7.25 a shekarar 2022.

Daga taba sai sana'ar ta koma hannun masu cingam. Kamfanin Goudey ya yi suna a 1933, sa'an nan kamfanin Topps ya fitar da shahararren jerinsa na 1952, wanda ya ƙunshi katin Mickey Mantle. Yara ne suka riƙa sayensu a wancan zamani, suna musaya, suna caca da su, suna maƙala su a spok ɗin keke don ya riƙa ƙara kamar babur. Iyaye mata kuwa suka riƙa share su tare da bola. Wannan ɓarna ita ce ta haifar da tsadar, domin abin da kowa ya wulaƙanta shi ne ya yi ƙaranci. Wani katin Mantle da aka saya dala 50,000 a 1991 an yi gwanjonsa a kan dala miliyan 12.6 a watan Agusta na 2022. A Turai ma akwai makamancin wannan, inda kamfanin Panini na birnin Modena a Italiya yake buga hotunan 'yan ƙwallon ƙafa tun 1961, na gasar cin kofin duniya kuwa tun 1970.

To amma waɗannan manyan alƙaluma suna ruɗin mutane. Da labarin tsadar tsofaffin katuna ya bazu, sai jama'a suka shiga saye suna adanawa, kamfanoni kuma suka shiga bugawa ba ƙaƙƙautawa, musamman daga wajen 1987 zuwa 1994. Kowa ya ajiye nasa tsaf a cikin leda yana jiran ranar arziki, saboda haka babu abin da ya yi ƙaranci. Galibin katunan wannan zamani, ko da dubbai ne a akwati, ba su kai kuɗin da aka saye su ba. Haka kuma darajar kati tana rataye da lafiyarsa. Tun 1991 kamfanin PSA yake duba kati, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi a cikin roba mai tauri, kuma bambancin maki ɗaya kan iya ninka farashi sau da yawa. Ɗan lanƙwasar kusurwa da ido da ƙyar yake gani yana iya zubar da yawancin kuɗin. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin abin da ake shirin miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai a gadon asibiti ke nan.

Ma'anar rangwamen haraji

Harajin kuɗin shiga na tarayya ya kafu a Amurka a 1913. Bayan shekara huɗu, da ƙasar ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka ɗaga harajin masu babban samu daga kashi 15 zuwa kashi 67 cikin 100. Aka ji tsoron attajirai za su janye hannu daga jami'o'i da asibitoci da suke ɗauke da su, sabili da haka dokar 1917 ta yarda mutum ya cire abin da ya bayar sadaka daga cikin kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Wannan tanadi shi ne yake cikin sashe na 170 na kundin dokar haraji, kuma hukumar tara haraji ta ƙasar, IRS, ita ce take kula da shi.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Gwamnati ba ta mayar wa mai kyauta kuɗin kyautarsa. Abin da take yi shi ne ta ɗauka kamar bai sami wannan adadi ba a shekarar. Alal misali, mutumin da ake karɓar kashi 24 cikin 100 a kan ƙarshen samunsa, idan aka amince masa da kyautar dala 1,000, harajinsa zai ragu da dala 240 ne kawai. Saura dala 760 daga aljihunsa suka fita. Dala 240 ɗin nan kuwa kuɗi ne da ya kamata su shiga baitulmali amma ba su shiga ba. Stanley Surrey, malamin shari'a na Jami'ar Harvard wanda ya riƙe babban muƙami a ma'aikatar kuɗi ta Amurka, ya jawo hankali a 1967 cewa harajin da gwamnati ta yafe daidai yake da kuɗin da ta kashe, sai dai shi ba ya bi ta gaban majalisa a kasafin kowace shekara. Idan aka fahimci haka, za a gane dalilin da ya sa hukuma take tsananta bincike: a cikin kowace kyauta da aka yi wa rangwame akwai kason jama'a, kuma mai riƙe da dukiyar jama'a dole ya tambayi inda ta nufa.

Akwai kuma wani shinge da yake tare yawancin mutane tun daga bakin ƙofa. Tun 1944 doka ta ba kowa zaɓi biyu: ko ya karɓi rangwame na bai-ɗaya wanda ba a tambayarsa hujja, ko ya lissafo abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwan bashin gida da harajin jiha da sadaka. Kyautar kaya tana shiga ne a zaɓi na biyu kaɗai. Dokar 2017 ta kusa ninka rangwamen bai-ɗaya, har ya kai dala 14,600 ga mutum ɗaya da dala 29,200 ga ma'aurata a shekarar 2024. Sakamakon haka, kusan tara daga cikin kowane mutum goma suka koma kansa. Ga irin waɗannan, ko akwati nawa suka kai asibiti, harajinsu ba zai motsa ba. Dokar watan Yuli na 2025 ta buɗe musu wata 'yar ƙofa daga shekarar 2026, ta cire dala 1,000 ga mutum ɗaya ko 2,000 ga ma'aurata, amma ga kyautar tsabar kuɗi kawai, ban da kaya. Ita dai wannan doka ta ce masu lissafin ɗaya bayan ɗaya ba za su ci moriyar farkon rabin kashi ɗaya cikin 100 na samunsu da suka bayar ba.

Wa aka bai wa?

Doka ba ta san kyauta daga hannu zuwa hannu ba. Wanda ya shiga ɗakin majiyyata ya miƙa wa yaro katuna da kansa ya yi alheri, amma babu rangwame ko na sisi. Haka nan idan ya bai wa asibiti da sharaɗin a miƙa wa yaro wane, domin a idon doka yaron aka bai wa, asibitin ɗan aike ne. Wajibi ne kyautar ta zama mallakar ƙungiyar da hukuma ta amince da ita, irin wadda sashe na 501(c)(3) ya bayyana, ko kuma ta wata hukumar gwamnati, kuma ƙungiyar ce za ta zaɓi wanda zai amfana. Mafi yawan manyan asibitocin yara na ƙasar suna cikin wannan rukuni, tun daga na Philadelphia da aka kafa a 1855 har zuwa St. Jude na birnin Memphis da aka buɗe a 1962. Asibitin da aka kafa don neman riba ba ya ciki. Bugu da ƙari, sai ƙungiyar ta kasance an kafa ta a ƙarƙashin dokar Amurka. Bahaushe mazaunin Niyok da ya aika kaya kai tsaye zuwa wani asibiti a Kano ko Damagaram ba zai sami rangwame ba, sai in ya bi ta hannun wata ƙungiyar Amurka mai cikakken iko da abin da aka ba ta. Lokacin da mutum ya ɓata wajen tantance katunan da ɗaure su shi ma ba ya shiga lissafi. Abin da aka yarda masa shi ne kuɗin mota, santi 14 a kowane mil.

Sharaɗin amfani

Wannan shi ne ƙashin bayan al'amarin, kuma ba za a fahimce shi ba sai an waiwayi abin da ya faru kafin 1969. A wancan lokaci duk wanda ya ba da kaya yana cire cikakken farashinsu na kasuwa, ko da kuwa da arha ya saye su. Har zuwa 1963 harajin manyan masu samu ya kai kashi 91 cikin 100, alhali harajin ribar sayar da kadara bai wuce kashi 25 ba. A ɗauka attajiri yana da zanen da ya samu a kusan banza, ya zama yana da darajar dala 100,000. Idan ya sayar, dala 75,000 za ta rage masa bayan haraji. Idan ya bayar kyauta, harajinsa yana iya raguwa da dala 91,000. Wato bayarwa ta fi sayarwa riba, kuma idan aka sami mai ƙiyasi mai sakin hannu, sai ribar ta ƙaru. Sadaka ta zama sana'a.

Dokar gyaran haraji ta 1969 ta zo ta toshe ƙofofi da dama. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta 'yan siyasa da marubuta masu ba da takardunsu suna cire maƙudan kuɗi. Shugaba Nixon ya nemi rangwamen dala 576,000 a kan takardunsa na zamanin da yake mataimakin shugaban ƙasa, daga baya aka gano an mayar da kwanan watan takardar kyautar baya don ta riga sabuwar dokar, kuma a 1974 aka bi shi bashin haraji fiye da dala 400,000. Ƙofar da ta shafi katuna kuwa ita ce ta kayan da ake iya ɗauka a hannu, kamar zane da littafi da kan sarki da tsabar tsofaffin kuɗi. Dokar 1969 ta fara rage rangwamensu, ta 1986 ta kammala, har ƙa'idar ta tsaya kamar haka: idan ƙungiyar da aka bai wa kayan za ta yi amfani da su a cikin aikin da aka kafa ta dominsa, mai kyauta zai cire farashin kasuwa, idan kuwa amfanin bai danganci aikinta ba, to kuɗin da ya saye su kawai zai cire. Sayar da kayan kuwa, ko da kuɗin magani za a saya da su, doka ta ɗauke shi amfanin da bai danganci aikin ba.

Misali zai fayyace wannan. A ɗauka wani ya sayi katuna dala 2,000 shekaru da suka wuce, yau suna da darajar dala 20,000, harajinsa kashi 24 ne cikin 100, kuma dama yana cikin masu lissafin ɗaya bayan ɗaya. An bar ƙananan gyare-gyare a gefe don lissafin ya fito sarari. Idan ya kai su inda za a yi amfani da su a cikin aikin wurin, zai cire dala 20,000, harajinsa ya ragu da dala 4,800. Idan ya kai asibiti, asibitin ya yi gwanjonsu, dala 2,000 zai cire, ragin ya zama dala 480. Idan kuma ya sayar da kansa ya kai wa asibitin tsabar kuɗin, zai biya harajin riba dala 4,320 a kan ribar dala 18,000, ya sami ragin dala 4,800, abin da ya tsira da shi dala 480. Hanya ta biyu da ta uku sun faɗa wuri ɗaya, kuma ba da katari ba ne. Hikimar dokar ke nan: wanda kayansa za su ƙare a kasuwa, a ɗauke shi kamar shi ya kai su kasuwar.

Wurin da wannan sharaɗi ya fi sauƙin cika shi ne gidan adana kayan tarihi. Jefferson Burdick, ma'aikacin wani kamfanin kayan lantarki a garin Syracuse, shi ne ya tsara wa katunan Amurka lambobin da ake amfani da su har yau, har da sunan nan T206. Daga 1947 ya fara miƙa tarinsa, wajen katuna da takardu 300,000, ga gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok, ya kuma yi shekaru yana manna su a kundaye da hannunsa duk da ciwon gaɓoɓi da ya addabe shi. Ya gama a watan Janairu na 1963, ya rasu a watan Maris. Aikin irin wannan gida shi ne adanawa da nunawa, saboda haka babu gardama a kan dangantakar kyautar da aikin. A ɗaya ɓangaren kuma akwai labarin wata ƙungiyar mata 'yan zuhudu ta cocin Katolika a Baltimore, waɗanda suka gaji katin Wagner daga ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu. Katin ya sha jiki ƙwarai, amma a 2010 aka sayar musu da shi fiye da dala 200,000, suka zuba a ayyukansu. Babu mai hankalin da zai ce su rataye shi a bango. Asibiti ma haka zai yi da kati mai tsada, kuma shi ne daidai.

To ina matsayin katunan da aka raba wa yara? Asibitocin yara na Amurka suna da sashe na musamman mai kula da wasa da kwantar da hankalin majiyyata, ana kuma lissafa aikinsa a cikin jinya. Saboda haka akwai hujja mai ƙarfi cewa katin da aka bai wa yaro don ya manta da allura ya shiga aikin asibiti. Ƙa'idojin ma'aikatar kuɗi sun yarda wa mai kyauta ya dogara da abin da hankali zai ɗauka a ranar bayarwa game da yadda za a yi da kayan, kuma mai dabara yakan nemi asibitin ya rubuta masa niyyarsa a takarda. Sai dai hankali ba zai ɗauka cewa za a miƙa wa yaro katin dala 10,000 ya yi wasa da shi ba. Ta haka sai al'amarin ya zo a karkace: katin da ya dace da hannun yaro shi ne wanda rangwamensa bai taka kara ya karya ba, wanda kuma yake da babban rangwame bai dace da hannun yaro ba.

Akwai wasu rassa da ya kamata a ambata a gurguje. Wanda bai riƙe katunan fiye da shekara ɗaya ba, kuɗin saye kawai zai cire, haka ma ɗan kasuwar da katuna ne hajarsa. Idan daraja ta faɗi ƙasa da kuɗin saye, kamar yadda ta faru ga katunan 1987 zuwa 1994, farashin yau ne abin cirewa, asarar kuwa ta mai kaya ce. Magaji shi ne ya fi kowa sa'a, domin doka tana ɗaukar darajar kayan a ranar rasuwar mai su a matsayin kuɗin sayensa, don haka sharaɗin amfani ba ya cizonsa sosai. Sa'an nan rangwamen cikakken farashi ba ya wuce kashi 30 cikin 100 na samun mutum a shekara. Abin da ya yi saura ana iya tura shi gaba har shekara biyar.

Ƙiyasi da takardu

Farashin kasuwa a wurin doka shi ne abin da mai saye da mai sayarwa za su daidaita a kai, idan babu wanda aka tilasta kuma kowannensu ya san abin da yake ciniki. Littattafan farashi, irin na Beckett da aka fara fitarwa a 1979, jagora ne kawai. Abin dogaro shi ne nawa aka sayar da irin wannan kati, mai irin wannan lafiya, a kusa da ranar kyautar. Kasuwar kuwa tana hawa da sauka. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2020 da 2021 lokacin annobar korona, daga baya da yawa suka sauko.

Hujjar da ake nema tana ƙaruwa gwargwadon girman kyautar. Daga dala 250 sai an sami takardar shaida daga ƙungiyar kafin a miƙa bayanin haraji, mai bayyana kayan da kuma cewa ko an ba mai kyautar wani abu a madadi ko ba a ba shi ba. Ƙungiyar ba ta faɗin daraja. Wannan nauyi yana wuyan mai kyauta. Fiye da dala 500 sai an cika fom mai lamba 8283. Fiye da dala 5,000, bisa dokar 1984, sai an kawo ƙwararren mai ƙiyasi, wanda ba shi ne mai bayarwa ko mai karɓa ba, ba a kuma yanka ladansa bisa yawan kuɗin da ya ƙiyasta, kuma ƙiyasin kada ya riga ranar kyautar da fiye da kwana 60. Rarraba kayan ba ya kuɓutar da mutum, domin ana haɗa duk kaya iri ɗaya da ya bayar a shekarar, ko da asibitoci uku ya raba wa. Idan ƙungiyar ta sayar da irin wannan kaya cikin shekara uku, wajibi ne ta sanar da hukuma a fom mai lamba 8282, kuma bisa dokar 2006 ana iya ƙwace rarar rangwamen daga mai kyautar. Kayan da aka raba kyauta a cikin aikin ƙungiyar ba sa bukatar wannan sanarwa. Wanda ya zuga daraja ta kai ninki ɗaya da rabi na gaskiya zai biya tarar kashi 20 cikin 100 na harajin da ya ɓoye, idan ta kai ninki biyu tarar ta zama kashi 40.

Kotun haraji ba ta wasa da waɗannan takardu. A shari'ar Durden ta 2012, wasu ma'aurata sun rasa rangwamen fiye da dala 20,000 da suka bai wa cocinsu, ba don ana shakkar sun bayar ba, sai don takardar shaidar ba ta ce ba a ba su komai a madadi ba. A shekarar dai, a shari'ar Mohamed, wani mai gidaje a Kalifoniya ya rasa rangwamen kadarorin da suka haura dala miliyan 18 saboda shi ya ƙiyasta su da kansa, alhali kotun ta yarda cewa bai zuga darajar ba. Ana iya ganin tsauri a cikin wannan, kuma akwai shi. Amma jami'in da aka ba ikon yafe takarda ga wanda ya ga alamar gaskiya a fuskarsa, an ba shi ikon yafe ta ga abokinsa ma.

Abin da ya fi cancantar suka shi ne yadda moriyar take rabuwa. Attajiri mai kati ɗaya na alfarma, wanda ya kai shi gidan tarihi aka rubuta sunansa a ƙarƙashi, baitulmali yana ɗauke masa kusan sulusin kyautar, ribar da katin ya tara kuma ba a taɓa yanka mata haraji ba. Malamin makaranta da ya kai akwati biyar asibiti, yana kan rangwamen bai-ɗaya, ba a ɗauke masa komai.

A ƙofar asibiti

Duk wannan lissafi yana iya tsayawa tun kafin a kai ga ofishin haraji, domin ba kowane asibiti yake karɓar tsofaffin kaya ba. Yaron da ake yi wa maganin ciwon daji garkuwar jikinsa takan yi rauni ƙwarai, takarda kuwa ba ta wankuwa, kuma wadda ta yi shekara talatin a ɗakin ƙasa tana iya ɗauke da ƙura da fumfuna. Don haka asibitocin yara da yawa sababbin kaya kawai suke karɓa, a cikin ledarsu ta kamfani. Tsofaffin katuna sukan bi ta hannun ƙananan ƙungiyoyin sa-kai da suke tacewa, su ɗaure su ƙulli-ƙulli, su kai wa kulob-kulob na yara da gidajen marayu da asibitocin da suka yarda. Akwai kuma tambayar abin da yaron yake so. Ɗan shekara tara ya fi murna da hoton ɗan wasan da ya gani jiya a talabijin fiye da na wanda ya yi ritaya kafin a haifi mahaifinsa.

Saboda haka masu ba da shawara kan haraji sukan ce a kasa tarin kashi biyu. 'Yan ƙalilan masu daraja a kai su a ba su maki, a sayar ta hannun dillalin gwanjo, a cire la'ada, a kai wa asibitin tsabar kuɗi, wadda hujjarta rasit ne kawai kuma babu jayayya a kan darajarta. Sauran dubban a bai wa ƙungiyar da take rabawa, a karɓi takardar shaida, a rubuta musu ɗan abin da za su iya kawowa a kasuwa in an sayar da su a akwati. Wanda kuma burinsa shi ne kati ya isa hannun yaron da ke kwance, sai ya tuntuɓi sashen wasa na asibitin ya ji irin waɗanda suke karɓa, ya sayi sababbin fakiti a kanti da wani abu daga cikin kuɗin gwanjon, ya ajiye rasit ɗin kantin tare da takardar shaidar asibitin.